Ƙonannen biskit ɗin da nake kai wa Inna

"Malam Sani, tsaya! Mene ne a ledar nan?"

Mun tashi daga aikin safe ke nan, ina bakin ƙofar kamfanin biskit ɗinmu a Sharaɗa, jama'a sun zubo mini ido. Hajiya Binta ce, sabuwar mai duba ingancin kaya.

Ƙonannen biskit ne a ciki, wanda ake warewa a zubar. Shekara shida ina kai wa mahaifiyata a Ɗorayi, kullum da shi take shan shayi.

Na ce, "Hajiya, wallahi ba sata ba ce, na zubarwa ne."

Ta ce, "Ba zancen sata nake ba. Wa yake ci?"

"Innata."



Sai ta ce duk abin fulawa ko dankali da ya sha wuta har ya yi duhu, akwai wani sinadari da yake samuwa a cikinsa, akirilamaid. Da aka gwada shi a kan dabbobi, ya jawo ciwon daji.

Na ce, "Ke nan na cuci Inna?"

"Ba a tabbatar a kan mutane ba tukuna. Amma ni dai ba zan riƙa ba tawa uwar kullum ba."

Nan na ajiye ledar. Na hau Adaidaita Sahu zuwa Ɗorayi.

Da na yi wa Inna bayani, sai ta ce, "To ka riƙa zuwa hakanan. Dama kai nake jira."

Ashe abin da mutum yake bayarwa don ƙauna ma yana bukatar tambaya. Ku fa, kun taɓa jin wannan magana?