Sunanka Ba Ya Cikin Tarihin Shafin

Ranar Talata shida ga Disambar 2016, ana tsakiyar yankan dawa, Allah Ya karɓi ran Malam Abdurrahim Sharu a garin Doka, nan ƙasar Sudan, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Labarin ya iske ni a shagona na gyaran kwamfuta a kasuwar Gadarif, kuma tun ranar ban sami sukuni ba.

Malam, shekara huɗu muna aiki tare a ƙungiyar 'yan sa kai masu kula da wata manhaja ta kyauta, wadda manoma ke rubuta yawan ruwan sama da lokacin shuka a cikinta. Namu aikin shi ne shafukan bayaninta na Hausa a intanet. Ƙa'idar wurin, duk wanda ya gyara ko layi ɗaya ne, sunansa zai shiga tarihin shafin. Kai ba ka da kwamfuta, layin intanet na Doka kuma sai ya ga dama. Sai ka riƙa rubuta gyaranka da ajami a littafin makaranta, Mato direban bas ya kawo mini, ni kuma in shigar da sunana.

Kuskure ba ya wuce ka, amma ba ka kunyata mai shi. Na taɓa rubuta cewa a yi shuka da ruwan farko. Ka aiko da shafi biyu kan yadda baƙar ƙasarmu mai tsagewa ke shanye ruwan nan ta bar iri ya mutu, ka rufe da cewa kada in damu, Allah na son 'yan kasuwa ma. Na yi dariya, na gyara.

Da 'yan ƙungiya na Kano da Yamai suka fara yabo, wai ni Kassim na san noma, na karɓi yabon. Da suka ba ni shugabancin sashen Hausa, na karɓa har da godiya. Sau ɗaya na ce zan yi maka rajista da sunanka, ka ce da Larabcin nan ƙasar, "Ya zol, mafi mushkila, ba damuwa ɗan'uwa. In manomi ya karanta ya gane, shi ke nan." Amsar nan ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata, ban ƙara tayar da maganar ba. Aikin minti biyar ne fa.

A zaman makoki 'yarka Jannatu ta tare ni a bakin zaure, ta miƙo mini wayarta. "Ya ammi, baffana, nuna min inda sunan Abba yake. Kullum yana cewa aikinku har Najeriya ana karantawa." Na riƙa jan tarihin sama da ƙasa. Gyara fiye da ɗari uku, duk Kassim. Na ce mata layi ne ba kyau. Ƙarya na yi a gidanka, kwana biyu da binne ka, kuma kunyarta ta hana ni haɗa ido da kowa.

Jiya na rubuta wa ƙungiya gaskiya, na ajiye shugabancin. Sun sa sunanka a saman kowane shafi, amma sun ce tarihin ba ya gyaruwa.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk gonar da ta yi kyau saboda rubutunka ta zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Fadimatu da yara da dukkan mutanen Doka, Allah Ya ba ku haƙuri.

Jannatu, ranar nan layi lafiyarsa ƙalau. Ki yafe mini, don wurin mahaifinki kam na makara.