Nasidi Ɗan Maiwada, Mai Gudun Bakin Kanal

Nasidi ɗan Maiwada ya tashi ne a Damri, cikin ƙasar Bakura, a gidan Rundawa, wato mahauta. Mahaifinsa ba mai zaman rumfa ba ne. Sana'arsa bin ƙauyuka ya sayo shanu, ya koro su da ƙafa zuwa kasuwar Talata Mafara. Tun Nasidi bai kai tsayin sandar kiwo ba, shi ake turawa in bijimi ya ɓalle daga garke. Yaro ne siriri mai dogayen ƙafafu, marar yawan magana. In ka ce masa je ka, kafin ka rufe baki ya yi nisa.

Shekarar da ya ci jarrabawa ya shiga sakandaren kwana a Talata Mafara, aikin madatsar ruwan Bakolori ya kankama. Katafilu suna ta tuge ɗorawa da tsamiya, ana baje gonaki, ana haƙa manyan hanyoyin ruwa ana shafe su da siminti, waɗanda kowa ke kira kanal. Hanyar da ka bi jiya, yau sai ka tarar da rami a tsakiyarta.

A zangon farko aka yi tseren daji na makarantar, wanda ɗalibai ke kira kuros. Ana fita ta ƙofar makaranta, a ratsa gonaki da fadama, a zagayo ta bayan gari a dawo. Da malamin wasanni, Malam Abdulhamid, ya busa usur, sai Nasidi ya zabura yadda ya saba bin bijimi. Ya wuce kowa, har da manyan ɗalibai 'yan aji biyar. Ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, ya ƙara wuta. Bai kai fadama ba wani abu ya soke shi ƙarƙashin haƙarƙari, numfashi ya ƙi sauka, ƙafafu suka yi nauyi. Ya durƙusa gindin wata kuka ya amayar da kokon da ya sha da safe. Yana nan yara suka yi ta wuce shi, har da masu ƙiba da suke tafe suna hira. Wani ɗan aji uku ya tsaya ya ce masa ya jira motar makaranta ta kwashe shi. Nasidi ya girgiza kai, ya miƙe, ya ƙarasa da tafiya da ɗan sassarfa. Ya iso an riga an fara naɗe igiyoyi. Tun daga ranar yara suka sa masa suna Wutar Kara.

Washegari ya sami Malam Abdulhamid a ɗakin ajiye ƙwallaye, ya gaishe shi, ya tsaya yana murza yatsu.

"Malam, mi ya sa na hwaɗi? Ni kam ba a taɓa tsere mini a Damri ba."

Malamin ya dube shi, ya ce, "A Damri wa kake bi?"

"Shanu."

"Sa yana gudu ne ya tsaya. Wannan gudun ba a tsayawa. Ka kashe ƙarfinka duka tun a bakin ƙofa. In kana so ka koya, ka riƙa gudun da za ka iya magana a cikinsa. Ranar da ka iya kaiwa fadama kana karanta Fatiha a bayyane ba ka sarƙe ba, ka dawo mu yi magana."

Haka Nasidi ya fara. Bayan sallar asuba, kafin a kaɗa ƙararrawar shara, sai ya fita ya bi gefen sabon kanal ɗin da ya wuce bayan makaranta. Hanya ce miƙaƙƙa, ba inuwa, ba abin kallo sai tulin jar ƙasa. Da farko abin ya ishe shi, domin jikinsa yana son zabura shi kuma yana danne shi. Leburori masu zuwa aiki a bayan tifa suka saba da shi, suna ɗaga masa hannu. Wasu suna tambayarsa wa ya biyo shi.

Da aka yi hutu ya koma Damri bai fasa ba. Wata safiya ya dawo jiƙe da gumi ya tarar da mahaifinsa yana wasa wuƙa a zaure.

"Kai Nasidi, ina ka hito?"

"Gudu na yi, Baba."

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

Maiwada ya gwada kaifin wuƙar a kan farcensa, ya ce, "Mutum shi tashi da sahe, ba a kore shi ba, ba shi kuma bin komi, shi yi ta gudu. In wanga shi ne boko, to, Allah shi kyauta."

Kakarsa Inno ce kaɗai take ajiye masa fura mai kauri a ƙwarya. Takan ce ita ba ta san amfanin abin ba, amma ta san yunwa.

A shekara ta biyu ya zo na huɗu a makaranta, aka sa shi cikin waɗanda za su je Bakura karawa da makarantun Bakura da Maradun. A can ya fara ganin Falalu, gajeren yaro mai faɗin ƙirji daga makarantar Maradun. An ce ƙauyensu na cikin waɗanda ruwan madatsar ya cinye, an kwashe su an kai su tudu mai duwatsu. Falalu ba ya gaggawa, kuma ba ya ragewa. Nasidi ya manne masa har suka shiga rairayin gulbi, a nan Falalu ya tafi ya bar shi kamar ba tare suke ba. Nasidi ya zo na shida. Bayan tseren, suna lasar garin gulukos da aka zuba musu a tafin hannu, Falalu ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Kana da tsawo, amma ba ka san rairayi ba. Taƙaita taku." Nasidi ya yi masa godiya, a ransa kuwa ya ƙudurta sai ya ga ranar da zai bar wannan yaron a bayansa.

Ba a yi nisa da shiga aji uku ba tsautsayi ya same shi. Yana gudu ba takalmi kamar kullum a gefen wani kanal da ba a gama ba, ya taka tsinken rodi da ya leƙo daga cikin ƙasa. Ƙarfen ya tsaga masa tafin ƙafar dama tun daga diddige har tsakiya. Wani direban tifa ne ya ɗauke shi ya kai asibiti aka ɗinke. Ciwon ya yi ruwa, ƙafar ta kumbura, aka sake buɗewa. Tseren wannan shekarar a kan benci ya kalle shi, da sanda a gefensa. Yaran da ya riga ya wuce suka karɓi bokiti da sabulu na kyauta. Da ɗinkin ya kama, ya fara zagaya filin ƙwallo da ɗingishi, yana taka gefen ƙafar.

Sai kuma ga rikicin shekarar 1980. Manoman da aka hana su noma gonakinsu shekara da shekaru suka tare hanyoyin aiki. Abin ya ƙare da harbi, aka rasa rayuka, ƙauyuka suka watse. Makaranta ta sallami ɗalibai, kowa ya koma gida. A Damri mutane sun daina zaman hira a bakin hanya. In mota ta tsaya, sai kowa ya shige gida.

Sana'ar Maiwada ma ta shiga wani hali. Kanal ya yanka tsohon burtalin da yake bi da shanu, dole sai an nemi gada, gadojin kuma yau a buɗe gobe a rufe. Sau biyu yana kora shanu rabin yini cikin rana, ya tarar an toshe mashigar, ya juyo da su. Dabbobin suka rame, ranar kasuwa ta wuce shi. Ana gobe za su sake fita, Nasidi ya same shi yana ɗaure wa wata karsana igiya.

"Baba, ku bari in riƙa yin gaba. In na ga gadar da ke buɗe, sai in dawo in tarbe ku tun ba ku yi nisa ba."

"Da wagga ƙahwa taka?"

"Ta warke."

Ba ta gama warkewa ba, Maiwada ma ya sani. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar fatar sa da aka jeme, ya sa Nasidi ya taka, ya zana da wuƙa, ya yanka masa faifai biyu masu taushi. Ya kai wa baduku ya ɗinke su cikin wani tsohon takalmin kambas da suka samo a kasuwa.

Daga nan kowane mako Nasidi ne ɗan gaba. Yakan fita da sanyin safiya ya duba gadar farko, in a rufe take ya wuce ta gaba, ya juyo ya sami garken a hanya ya faɗa musu inda za su bi. Wani lokaci kafin azahar ya yi tafiyar da ta ninka ta tseren makaranta. In ya iso rairayi sai ya tuna maganar Falalu ya taƙaita taku. Sauran masu koro shanu suka ji labari, suka fara jiran su a mararraba suna tambaya, "Ina ɗan Maiwada ya ce a bi?" Maiwada bai taɓa yaba masa a gabansa ba. Amma ranar kasuwa, in an gasa hanta a rumfar ƙaninsa Jatau, yakan tura wa Nasidi babban yanki ba tare da ya dube shi ba.

Da aka koma makaranta, wasu kujerun ajinsu ba kowa a kansu. Iyayen wasu sun yi ƙaura, wasu yaran ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba a yi tsere ba sai da ya shiga aji biyar, lokacin kaka, aka ce za a yi shi a Maradun, kuma ukun farko za su wakilci yankin a Sakkwato, babban birnin jiha a wancan lokacin. Da suka sauka daga mota Nasidi ya yi ta dube-dube har ya hango Falalu yana ɗaure wando. Ya ƙara ramewa. Suka gaisa, suka tambayi juna mutanen gida. Falalu ya ce babansa ya rasu a shekarar rikicin, bai ƙara bayani ba. Nasidi ya yi masa ta'aziyya, suka je suka tsaya a layi kafaɗa da kafaɗa.

Da aka busa usur, yara suka kwasa a guje. Nasidi ya bar su. Ya tsaya cikin tsakiyar taro yana sauraron numfashinsa. Hanyar ta bi ta cikin gonakin gero da aka girbe, ta hau tudun duwatsu inda ake hango ruwan madatsar shimfiɗe har ƙarshen gani. A hawan tudun masu zabura suka fara zubewa, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da suka gangaro rairayi saura su uku a gaba: Falalu, da wani dogon yaro daga Bakura, da shi. A nan ya ji ɗumi cikin kambas ɗin dama. Duwatsun sun buɗe tsohon tabon. Kowane taku sai ya ji kamar ya taka garwashi. Ya ce a ransa ƙafar ta bari sai an gama, sa yi maganar daga baya. Ya matse haƙora, ya wuce ɗan Bakura, ya kamo Falalu a daidai inda rairayin ya ƙare.

Suka jera har aka fara jin hayaniyar mutane. Falalu ya waiwayo ya dube shi sau ɗaya, ya ƙara ƙarfi. Nasidi ma ya saki abin da ya yi ta tanadi tun daga farko. Ya wuce shi da ƙirji, Falalu ya dawo, ya sake wuce shi. A bakin igiya Nasidi ne gaba da abin da bai fi taku ɗaya ba. Ya faɗi a kan ciyawa, sama tana juya masa. Falalu ne ya zare masa takalmin, ya ga jini, ya kira Malam Abdulhamid.

Ana ɗaure masa ƙafa sai ga mahaifinsa ya ratso taro da sandarsa a kafaɗa. Ashe ya zo sayen shanu a Janbako, ya ji ana zancen tsere, ya biyo. Ya yi wa Malam Abdulhamid doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ya tsuguna ya duba ƙafar yadda yake duba kofaton sa.

"Malam, wanga ciwo zai hana shi zuwa Sakkwato?"

"In ya huta, ba zai hana ba."

"To shi huta. Shanu sa jira."

A Sakkwato Nasidi ya haɗu da yaran da suka fi shi, ya zo na tara, Falalu na bakwai. Suka dawo a bayan mota ɗaya suna cin rake, suna gardamar inda kowa ya yi kuskure. Bayan ya gama makaranta ya yi kwas na malaman dabbobi, aka tura shi Bakura, inda ya yi shekaru yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Falalu ya shiga soja, sukan haɗu in ya zo hutu. Nasidi bai daina ɗingishi kaɗan ba in sanyi ya shiga ƙafar, kuma ya yi aure ya haifi 'ya'ya bakwai, biyu daga cikinsu sun yi wa makarantunsu gudu.