Ɗigo Goma Sha Ɗaya

Haƙorina na gaba a wani kicin ya karye, a unguwar Plumstead, ranar wata Asabar bayan azahar. Mutumin da ya karya shi da hannu ɗaya ya yi aikin, domin ɗaya hannun ni na yi sanadinsa. Har yau in na kurɓi ruwan sanyi sai wurin ya tsira min.

Yaya nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa komai ba. Shi mutumin Filato ne, Kirista, ni kuma Bazazzagi. A wani shagon kayan miya a Tottenham muka haɗu, ya tarar ina yi wa mai shagon tijara da Hausa saboda ya ba ni daddawa mai hunhuna, mutumin kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji. Yaya ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya tambaye ni me nake yi a London ban da faɗa. Na ce na karanta safiyo, wato awon ƙasa, amma gadin kanti nake yi. Bai fi wata biyu ba ya ja ni zuwa kamfanin da yake aiki, wani ofis a hawa na uku bayan tashar Charing Cross, inda ake zana taswirar ƙasan teku.

Aikin kashi biyu ne. Su Yaya su ne 'yan ruwa. Suna fita da jirgi mai ɗauke da wata na'ura da ake kira sona, wadda take harba sauti zuwa ƙasan teku ta saurari dawowarsa, daga nan ta gane zurfin wurin. Kowane sautin da ya dawo ɗigo ne a kwamfuta, kuma ɗigon ba ya ƙirguwa. Matsalar ita ce na'urar ba ta da hankali. Kifi ya gifta, ta ce ƙasa ce. Kumfa, igiya, ciyawar ruwa, duk ta rubuta. To mu 'yan ofis aikinmu shi ne mu bi mu tsince ƙaryar mu bar gaskiyar. Yaya tsintar shinkafa yake kiran aikina, yana yi min tsiya cewa an ba wanda bai iya iyo ba amanar teku. Gaskiyarsa ce, ko kogin Thames daga kan gada nake gaishe shi.

Shi ya koya min ƙa'idar a ranata ta farko, yana tsaye a bayana da kofin shayi. Jirgi yana zuwa ya dawo ne kamar mai huɗa, kuma kowane layi yana hawa kan rabin na kusa da shi, don a kalli kowane wuri sau biyu.

"In ka ga abu ya yi tsiri a saman ƙasa, kar ka yi delete," in ji shi. "Buɗe layi na biyu tukuna. In kifi ne, kafin jirgi ya juyo ya ƙara gaba. In ka same shi a nan bai motsa ba, dutse ne, ka bar shi. Ka ji ko, ƙanena?"

Na ce na ji. Na kuma ji ɗin, shekara biyu ban taɓa tsallake ta ba.

Sai aka kawo mana aikin wani teku mai ɗumi, can nesa, inda ƙasa take shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa ba zurfi kafin ta zurma gaba ɗaya. Wurin cike yake da duwatsun murjani, kifi kuwa kamar a can aka halicce shi. Ko'ina na duba tsiri ne. In buɗe layi na biyu, babu komai. In sake buɗewa, babu. Sati uku ina wannan, idona ya yi ja, wuyana ya sage, na fara jin haushin kifin da ban taɓa gani ba. Sannu a hankali na fara yarda da idona. Na ce ai yanzu na san kamannin garken kifi ko daga barci aka tashe ni. Aikina ya yi sauri, ogan sashenmu ya yabe ni a gaban mutane, kaina ya kumbura.

Ranar wata Laraba na ga wasu ɗigo goma sha ɗaya sun miƙe tsaye kamar ƙusa, nesa kaɗan da bakin murjanin, a tsakiyar yashi mai laushi. Ban buɗe layi na biyu ba. Na ja musu da'ira, na danna, suka koma ruwan toka, ƙasa ta kwanta lumui. Na tashi na je na yi alwala, don lokacin salla ya yi.

Da shekara ta zagayo su Yaya suka koma wurin da ƙaramin kwalekwale mai inji, don su cike guraben da babban jirgi bai iya shiga ba. Taswirata ce a gaban direban. Ta ce masa gabansa yashi ne, ruwa ya isa, sai ya ba inji wuta. Yaya yana gefe, ya sunkuya yana riƙe da sandar ƙarfen da aka ɗaure kan na'urar a jikinta. Sandar ce ta fara cin karo da dutsen. Ta lanƙwashe, ta matse hannunsa na hagu da bakin kwalekwalen, ta niƙe shi daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Kwalekwalen ya hau dutsen ya karkace, ya watsar da shi cikin ruwa, igiyar ruwa ta dinga ɗaga shi tana maka shi a jikin murjani. Mu a gida murjani abin wuya muka sani, ja, sumul. Na cikin teku kaifi gare shi, ya yayyanka masa baya da cinya da gefen fuska. Wanda ya tsamo shi ya ce da ya kama hannun sai ya ji kamar jakar tsakuwa. Kafin a kai shi asibitin da ke da likitan ƙashi an yi kusan yini guda, suka yanke hannun daga gwiwa.

Ranar Litinin aka faɗa mana a ofis. Da na ji sunan yankin, na nufi kwamfutata. Manhajar da muke aiki da ita ba ta zubar da komai. Ɗigon da ka share tana mayar da shi ruwan toka ne ta ajiye, tare da harufan sunan wanda ya share. Na buɗe wurin, ga su nan goma sha ɗaya, ga harufana. Na buɗe layi na biyu, shekara guda a makare. Suna nan a tsaye, ba su matsa ko taki ɗaya ba. Da ƙyar na kai banɗaki na yi amai.

Ogan ya riga ni gani. Ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce rahoto zai ce kuskure ne wajen tace bayanai, ba za a ambaci kowa ba, kuma daga yau mutum biyu za su riƙa duba kowane yanki. Ya ce in je gida in huta. Na so ya zage ni, bai zage ni ba.

Da aka dawo da Yaya London na mayar da kowace Asabar ta Plumstead. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan yi gwaten acca ko tuwo, ni kuma in zauna kusa da shi ina yayyanka masa nama ƙanana. Ni nake ɗaure masa igiyar takalmi. Ni na cike masa takardun neman tallafi na council, wato ƙaramar hukuma. Shi a zatonsa wani kamfanin waje da ake ba rarar aiki ne ya tace yankin, kuma kusan kowane zuwa sai ya tayar da maganar.

"Duk wanda ya yi cleaning ɗin block ɗin nan, Allah ya haɗa ni da shi. Minti biyar kawai nake so."

Ni kuma in ce, "Allah ya sawwaƙe, Yaya," in tura masa faranti.

Asabar bakwai na yi haka. Tsoro nake ji, ba na dukan ba, na rasa shi. A duk London shi kaɗai ne nake buɗe baki in yi Hausa da shi ba tare da na auna kalma ba. Amma abin da ya fi ci na shi ne godiyarsa. Ya gode min a kan nama, ya gode min a kan takalmi, ya gaya wa mutanen cocinsu cewa Allah ya ba shi ƙane Musulmi wanda ya fi na jini. Na kai matsayin da in ya ce na gode sai in ji kamar in kifa masa farantin a ka. Ni dama zuciya gare ni, kuma a kan wanda na cuta take tashi.

A Asabar ta takwas Anti ta hau sama ɗauko wanki. Muna kicin, na gama yanka nama, ya dafa kafaɗata ya ce da ba don ni ba da bai san yadda zai yi ba. Na ajiye wuƙar a cikin kwamin wanke-wanke, nesa da mu duka biyu.

"Yaya, ni na yi cleaning ɗin block ɗin."

Ya dube ni kamar bai ji yaren ba. Sannan a hankali ya ce, "Points nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka buɗe layi na biyu?"

"Ban buɗe ba."

Kwanon tangaran ɗin da ke gabansa ya fara jefo min. A bakina ya fashe, na ji haƙorin ya ɓalle ya faɗa kan harshena tare da miya mai zafi. Kafin in tofar ya ci kwalata ya buga ƙeyata da ƙofar firji, ya sake bugawa, abubuwan da aka manna a jiki suka zubo. Mutum ne da ya yi shekaru yana jan igiyar jirgi, hannun da ya rage masa ya ishe shi. Na zube ƙasa, ya bi ni ya danne ƙirjina da gwiwa, ya dinga kirɓa min naushi a fuska, a kunne, a maƙogwaro. Yana yi yana ihu.

"Na koya maka! Ni na koya maka! Day one na gaya maka!"

Ban kare ba. Ba don ina da haƙuri ba, hannuwana ne suka ƙi tashi. Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da ya manta cewa ba shi da hannun hagu. Ya ɗaga dungulmin ya kawo min naushi da shi da dukan ƙarfinsa, ya sauka a ƙashin kuncina. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. Ɗinkin ya buɗe, bandejin ya jiƙe nan take, jini ya dinga zuba a fuskata yana haɗuwa da nawa. Duk da haka bai daina ba, ya koma da na dama, yana kuka yana duka.

Anti ce ta raba mu. Ta watsar da kwandon wankin, ta rungumo wuyansa ta baya ta faɗi da shi, tana kiran sunan Yesu. Ta naɗe dungulmin da tawul, ta dube ni ina kwance cikin fasassun tangaran ta ce, "Me ka yi masa?" Yaya ne ya ba ta amsa, da kalma huɗu: "Shi ya share dutsen." Sai ta jefo min tsumman goge kwano ta ce in danne bakina, in tashi in shiga mota.

A mota ɗaya ta kai mu asibiti, shi a gaba, ni a baya. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni me ya faru, na ce daga matakala na faɗo. Ta kalli fuskata, ta kalli hannun Yaya na dama da ya kumbura, ta rubuta abin da na faɗa. An yi min ɗinki a leɓe, shi kuma aka kwantar da shi kwana uku aka sake gyara dungulmin. A jirgin ƙasa na tube da na hau zuwa Tottenham babu wanda ya yarda ya zauna kusa da ni.

Ranar Litinin na mayar da ɗigon goma sha ɗaya wurinsu, na rubuta wa ogan cewa a sa sunana a rahoto. Na yi zaton za a kore ni, ba a kore ni ba. Na yi zaton in na sha dukan nan zan samu sauƙi, Yaya ma ya huce, wata rana mu zauna. A lissafina na wauta haƙori da jini sun isa a fara magana.

Bayan wata shida ya dawo aiki. Aikin ruwa ya ƙare masa, sai aka ba shi tebur a ofis, kuma sabuwar dokar nan ta mutum biyu ta sa shi ne mai duba abin da na tace. Teburinsa yana kallon nawa. Da hannu ɗaya yake aiki, ya fi ni sauri, kuma bai taɓa yi min mugunta a aiki ba. In na yi daidai ya sa hannu, in na yi kuskure ya dawo min da shi ba zagi.

Ranar da ya fara zuwa na riga kowa isa. Da ya shigo na miƙe tsaye na ce, "Yaya, ina kwana? Ya jiki?"

Ya rataye kwat ɗinsa, ya ja kujera, ya dube ni ba fushi ba fara'a.

"Good morning," ya ce.

Shekara uku ke nan. Kullum da safe sai na gaishe shi da Hausa, kullum sai ya amsa da Turanci, irin amsar da yake ba mai kawo wasiƙa. Wani lokaci Anti takan kira shi da rana, in ji shi yana yi mata tsiya da Hausarsa ta Filato, yana dariyar nan tasa ta shagon daddawa. Nakan cire abin sauraron da ke kunnena in yi kamar ina duba wani layi, in saurara har ya kashe wayar.