Matar da Ta Sa Na Kwance Yayana

Shekara ashirin da shida ke nan, da gari ya waye Adi Hakimzadi za ta sha shayinta da guntun gurasar roti, ta rataya jaka, ta bi ƙauyenmu na bakin tafkin Manchar gida-gida. Allurar yara da awon masu ciki, aikin da gwamnati ta ɗauke ta ke nan. Wata mai zuwa za ta ajiye aiki, ni kuwa akwai abin da ya kamata in faɗa.

Shekarar babbar ambaliya, yayana Mithal ya rasa matarsa da 'yarsa rana ɗaya. Aka raba mana tanti da fulawa, amma shi ya daina ci, ya daina magana, kullum sai ya nufi ruwa. Muka ce aljanu ne. Da hannuna na ɗaure ƙafarsa a jikin gado.

Adi ta shigo ta gani.

"Kai Sajan, bauna ce wannan ko ɗan'uwanka? Kwance shi."

"Adi, ruwa zai faɗa."

"To ka zauna da shi mana. Ina za ka, gonar da kifi ke yawo a ciki?"

Kullum da hantsi sai ta zo ta zauna gefensa, ba ta tambayarsa komai. Ran kwana na goma sha tara ya buɗe baki: "Hannun yarinyar yana cikin nawa, Adi. Ni na saki."

"Ruwan da ya tumɓuke gadar siminti ne ya ƙwace ta, Mithal."

Ran nan ya yi kuka, ya kuma ci abinci.

Da jami'ai suka zo rubuta asara, Adi ta tare babbansu a gabanmu. "Yallaɓai, kun rubuta ɗakuna, kun rubuta awaki. Ina wurin waɗanda barci ya gagara? Mutum arba'in da ɗaya gare ni."

Ya yi dariya. "Baiwar Allah, tsarinmu bai tanadi wannan ba."

"To a gyara tsarin."

Sau bakwai tana hawa mota zuwa birni da sunayen mutanen nan. A ƙarshe aka fara turo likitan ƙwaƙwalwa asibitinmu sau ɗaya a wata, aka koya wa ma'aikata irinta yadda ake gane mai wannan ciwo. Wani watan likitan ba ya zuwa, magani ma yakan yanke. Mithal bai dawo yadda yake ba. In hadari ya haɗu, ɗaki yake shiga. Amma yana ɗinkin komar kamun kifi, yana zuwa kasuwa.

Ke ce, Adi, kika fara kiran abin nan ciwo lokacin da muke ɓoye shi don kunya. Uwar marasa barci, mun gode, Allah Ya saka miki.

Ku da ke tsara agaji a ofis, ku sa irin Mithal a lissafinku tun ranar farko. Mu kuma na gida, in maƙwabci ya yi shiru bayan masifa, kada mu jira likita. Mu je mu zauna kusa da shi.