Baturen Kara

Ranar da na fara ganin Bature a hanyar kasuwar Dutse, da gudu na koma gida in ba Inna labari. Ita tana kulle, ba ta taɓa ganinsa ba, sai ta ce ƙarya nake yi, babu babban mutumin da zai yi tafiya yana wurga hannu kamar mai shuka. Abin ya ƙona min rai. Na rantse sai na kawo mata shi har tsakar gida.

Na zaro kara daga danga, na ɓare, na yanka totuwar na yi gaɓoɓi. Sau uku ƙafar tana tsagewa. Ɓawon karan ya yanke ni a yatsa, na tsotse jinin na ci gaba. A karo na huɗu na huda da ƙayar aduwa, na zura zaren da na tsinko daga mazarin Inna. Na shafe shi da jar ƙasa, na kifa masa ƙwalfar goruba a ka ta zama hula. Ido ne kawai ban yi masa ba, don Baba ya sha gaya mana wanda ya ƙera abu mai ido, ranar gobe za a ce ya busa masa rai.

Bayan la'asar na durƙusa gabanta na ja zaren. Bature ya wurga hannu, ya ɗaga ƙafa, ya taka tabarma. Inna ta ajiye kaɗi, ta daɗe tana kallonsa, ko murmushi ba ta yi ba.

Can ta ce, "Yanzu wannan ne ya ci Kano?"