Gyaran Muryar Mushe Lawali

Bazarar nan ita ce ta bakwai da muka kai Mushe Lawali makwancinsa. Shekara bakwai ke nan, amma har yau in aka ambaci sunansa a majalisa ba a rasa mai kaɗa kai ya ce, "Allah sarki, wanda matar ɗansa ta bari ya mutu a ban-ɗaki." Na gaji da jin wannan magana. Na musa ta a zaman makoki, na musa ta a ƙofar masallaci, na musa ta har muryata ta dushe. Yau zan sa ta a jarida, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Yarinyar nan Barira ba ta kashe kowa ba. Ni na ɗauko shi daga inda ya faɗi, kuma ni ya gaya wa abin da ya faru da bakinsa.

Ni da Lawali tare muka fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye wajen Dakusa, muna samari, aji na zana ne, in iska ta taso sai ta kwashe allo da darasin da ke kansa. A can aka fara kiranmu Mushe, wato monsieur na Faransanci, kamar kowane malamin lakwal a ƙasar nan, sunan kuwa ya bi mu har tsufa. Shi Babarbare ne ɗan Birni, ni Bafillace, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Amma ban taɓa zama da mutum mai kunya da tsare mutunci irinsa ba. Ba ya cin abinci a hanya. Ba ya dariya baki buɗe gaban ɗalibai. Duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba, har nakan ce masa da hular aka haife shi. Mun ɗauki wannan hali abin yabo, kuma abin yabon ne. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa zai iya cutar da shi.

Bayan mun yi ritaya mai ɗakinsa ta rasu, ya zauna a gidansa na unguwar Birni a nan Zinder tare da ɗansa Habu, mai sayar da kayan gini a kasuwar Dole, da matar Habun, wato Barira, 'yar manoma daga Hamdara. Kun san yadda muke da surukai. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta taɓa tsayuwa tana masa magana ba, sai a durƙushe, ido a ƙasa. In ta kawo abinci takan ajiye a bakin ƙofa ta yi sallama ta juya. Shi ma bai taɓa kiran sunanta kai tsaye ba, sai dai ya ce "mutanen gida". Amma a majalisa yakan cika mana kunne da yabon tuwonta, har mu ce ya isa haka.

Habu ɗa ne na kirki, ina so a rubuta wannan ma. Da 'yan kasuwar Kano suka fara kawo masa karo, falen nan mai sheƙi da ake shimfiɗa wa a ƙasa, uban ya fara tunawa. Ya sa aka fasa tsohon simintin ban-ɗakin, mai kaushi, aka shimfiɗa karo fari ƙal. Rufi dai ba a yi ba, an bar shi a buɗe yadda makewayinmu yake tun asali. Lawali ya ja ni har can ya nuna mini, yana ta murna. Na ce masa, "To madalla, yau Babarbare zai san wanka." Muka yi dariya muka fito.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, Habu ya fita tun da sassafe. A makon ne kuma ake biyan fansho, kuma duk tsohon ma'aikaci ya san layin nan na iya cinye maka wuni. Lawali ya gaya mana zai je. Shi ya sa da muka ga babu shi a sahun azahar ba wanda ya damu. Ni da bakina na ce, "Yana can rana na gasa shi a layi." Ashe rana na gasa shi, amma ba a layi ba. Da hantsi ya shiga wanka don ya shirya, sabulu ya haɗu da karo, ƙafa ta tafi. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Rigarsa na rataye a katanga inda hannunsa ba ya kai, shi kuwa yana kwance ba sutura, rana na hawowa.

Barira na tsakar gida tana aiki. Ta ji ƙara, ta zaci bokiti ne ya faɗi. Da ta ga shiru ya yi yawa, ga takalmansa na fita a bakin ɗaki, sai hankalinta ya tashi. Ta lallaɓa ta nufi wajen. Da ya ji takunta sai ya yi gyaran murya.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ma'anar wannan. Ba a magana a ban-ɗaki, haka aka koya mana tun muna yara. In ka ji ana tahowa sai ka yi gyaran murya, wato akwai mutum, a koma. Mai tahowa ya koma. To yarinya ta koma, fuska duk kunya, tana ganin ta yi wa surukinta rashin ladabi. Can da ta kasa haƙuri ta sake matsowa, ya sake yi mata gyaran murya. Ta ce a ranta ƙila ciki ne ya ɓaci, abin da ba a tambayar dattijo. Don Allah ku gaya mini, wace suruka ce a Damagaram za ta tura ƙofar nan bayan uban mijinta ya yi mata gyaran murya? Wacce? Ku da kuke zaginta, 'ya'yanku mata haka kuka tarbiyyantar da su.

Gab da la'asar ta sake zuwa, ba ta ji komai ba. Wannan shirun ne ya fito da ita titi a guje, ba mayafi ba takalmi, ta same mu muna alwala a ƙofar masallaci. Gidan kawai take nuna mana da hannu. Ni da wasu mutum biyu muka ɓalle sakatar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Karon nan ya ɗauki zafi, ko tafin hannu ba ka iya ajiyewa a kai. Leɓɓansa sun tsage, gefen jikinsa ya sale. Na tuɓe rigata na rufe shi. Da muka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, bai ce ruwa ba, bai ce wayyo ba. Cewa ya yi, "Ta gani?" Na ce ba ta ga komai ba. Sai ya lumshe ido.

Likitan da ya duba shi ya gaya mana a fili cewa karayar kaɗai da wuya ta kai shi, da an kawo shi da wuri. Kwanciyar nan cikin rana ita ta ƙone masa ƙoda. Ya yi 'yan kwanaki ana ƙara masa ruwa. Wata safiya hankalinsa ya dawo sosai, muna mu biyu, na kasa riƙe abin da ke cina.

Na ce, "Lawali, gyaran muryar nan da ka yi ta yi, kiran ta kake ta kawo ɗauki, ko me?"

Ya ce, "Korar ta nake."

Na ce, "Kai, amma Babarbaren nan ka cuce mu! Da bakinka, da hankalinka, yarinya na taku kaɗan da kai?"

Ya ce, "Bafillacen banza, kai da za ka kira? Na ce bari Habu ya dawo." Sannan ya ce, "Ka gaya musu ba ruwan yarinyar nan. Ta zo. Ni na hana."

Na gaya musu. Na gaya wa Habu, na gaya wa yayyensa mata da suka zo daga garuruwan aurensu. Amma mai baƙin ciki yana neman inda zai ajiye shi, kuma ba a ajiye shi kan mamaci. Tun ba a share makoki ba magana ta fara yawo: tana gida ubanmu ya wuni a ƙasa, tana jin nishinsa tana daka. Mata suka daina amsa gaisuwarta a wajen ɗiban ruwa. Habu ya yi ƙoƙari, na shaida, amma kullum ya shigo gida sai ya ga ƙofar ban-ɗakin nan da karon da shi ya saya, ya ga kuma matarsa. Ɗaya daga ciki ne kawai yake iya kora. Shekara ba ta zagayo ba ya ba ta takardarta, ta koma Hamdara. Na yi fushi da yaron nan har na daina bi ta gaban shagonsa, kuma har yau fushin bai gama sauka ba.

Kwanakin baya ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai ta gayyato wani likita matashi ya yi mana bayani kan zaman tsufa. Yaron ya yi ƙoƙari. Ya yi maganar tansiyo, wato hawan jini, ya ce kada a daina shan magani don an ji sauƙi. Ya yi maganar shan ruwa da bazara, da kula da takardun fansho, da barin sayen ƙwayoyi a tire. Da ya zo kan faɗuwa sai ya ce, "In ɗayanku ya faɗi, abu na farko ya yi kira da ƙarfi." Na duba ɗakin. Tsofaffi cike, masu furfura, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wani ya ce a riƙa shiga da salula. Na kusa da shi ya ce a'a, tasa akwai Alƙur'ani a ciki, ba ya shiga da ita wurin nan. Aka bar maganar a nan, aka koma kan jinkirin fansho, inda kowa ke da baki.

Na zauna ina tunanin abin da Lawali zai ce da yana cikinmu. Ina jin da ya gyara wa likitan Faransancinsa, sannan ya sunkuyar da kai kamar kowa. Yau gidajen da aka shimfiɗa wa karo a Zinder sun fi na wancan lokaci yawa nesa ba kusa ba, 'ya'ya na ta yi wa iyaye gata da abin da zai kayar da su. Matasa sun tafi kasuwa, sun tafi Kano, sun tafi Agadas, wasu sun haura gaba. Wa ake bari da tsoho a gida da rana tsaka? Suruka. Mutum ɗaya tak da ba zai iya kira ba. Na tambayi malamai, ba ɗaya ba, duk sun ce in rai na cikin haɗari magana a ban-ɗaki ba laifi ba ce, yin shirun ne ma abin tsoro. Amma ban taɓa jin an faɗi haka a wa'azi ba. Ni dai a gidana na sa an cire sakata, an kafa ƙarfen riƙewa a bango, an shimfiɗa buhu a ƙasa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya gagare ni shi ne in zaunar da matar ɗana in ce mata, in kin ji shiru ki shigo. Na sha ɗaura niyya, in ta durƙusa gabana sai in ce ta kawo mini ruwa.

Me ya rage na Mushe Lawali? Ɗalibansa suna nan, akwai likitoci, akwai sojoji, akwai waɗanda in ka ga rubutunsu ka san hannun wa ya bi ta kansu. Ba na rage masa komai. Ina kewarsa kullum, ba ni da abokin tsiya tun da ya tafi. Amma mutuncin da ya tsare a ranar nan wata ce ta biya shi da aurenta da sunanta, kuma shi kansa ya gane haka kafin ya cika.

Watan jiya na shiga mota na je Hamdara. Na sami Barira a gidan wanta, ba ta sake aure ba. Ta rame, ta yi furfura kafin lokacinta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, ta zauna nesa. Matar wan nata ta gaya mini cewa duk tsohon da ya zaga a gidan nan, Barira na bin sa ta tsaya daga waje, har yara sun mai da ita abin dariya. Na sake maimaita mata maganar da ya bar mini, kalma bayan kalma. Ta ce, "Baba, na ji. Amma da na tura ƙofar nan da yana nan."

Da azahar ta yi na ɗauki buta na nufi bayan gida. Na ji taku a bayana. Ta tsaya daga nesa, ta juya mini baya, ta ce, "Baba, ka yafe mini rashin kunya. In na yi magana ka amsa mini da baki. Don girman Allah kada ka yi mini gyaran murya."

Na shiga. Ban daɗe ba na ji muryarta. "Baba, lafiya?"

Na haura saba'in ban taɓa buɗe baki a wurin nan ba. Maƙogwarona da kansa ya fara shirin abin da ya saba, sai da na danne shi da ƙarfi.

Na ce, "Lafiya lau, 'yata. Ina nan."