Daɓen da na yi wa ɗakin karatun yara

Assalamu alaikum Edita. Ku buga wannan ba tare da sunana ba. Ni ba na jin kunyar kowa, amma akwai yarinya a cikin maganar.

Ban riƙe fensir ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma da na iya haɗa baƙi sai na zama abin tsoro a unguwa. Duk matar da ta kawo mini takardar asibiti in karanta mata, sai ta sha faɗa kafin ta ji abin da ke ciki. Maigidana yakan ce da ya san boko zai ƙara mini baki, da bai bar ni na taka ƙofar ajin ba. Saboda wannan bakin ne, da wata ƙungiya ta zo buɗe ɗakin karatu na yara da uwayensu a garinmu, mai gari ya ce ni za a ba makulli, don ba yaron da zai yaga littafi a gabana.

Aka kai mu bita Gummi. Malamar da ta koyar da mu yarinya ce mai kirki, kuma na ƙaru da ita. Ta nuna mana yadda ake juya littafi ya fuskanci yara, da yadda ake sauya murya idan akuya ce ke magana. Ta ce kada mu hau kujera, mu zauna ƙasa tare da su, mu bar jarirai su yi rarrafe su taɓa littafi, ko sun kai baki kada mu ƙwace. Na tambaye ta maganin gara da yoyon rufi, ta ba ni amsa. Ita ba ta tambayi wace irin ƙasa za mu zauna a kai ba, ni ma ban kawo zancen ba.

Ɗakin da aka ba ni tsohon shago ne, ƙasansa duk ramuka. Siminti bai zo ba. Sai na kira gayyar daɓe irin ta da, mata suka fito da madaɓai, aka jiƙa makubar ɗorawa. Matsalar ita ce tsakuwa, don inda muke ɗibar ta can cikin daji ne, kuma a shekarun nan ba macen da ke zuwa can ta dawo da kwanciyar rai. A bayan gari kuwa ga tulin rairayin da masu wankin zinari suka zubar, mai laushi, mai kama jiki. Kada wani ya ce ban san gubar dalma ba. Mun binne yara a garin nan kamar yadda aka binne a Abare da Tungar Daji, an kankare ƙasar gidajenmu an zuba sabuwa ina kallo. Abin da na riƙe shi ne haɗarin yana cikin dutsen da ake daka a turmi ko a niƙa a inji. Wannan kuwa an wanke shi, an sake wankewa har zinarin ya fita, kuma a wurina abin da ya sha ruwa haka ya tsarkaka. Ni na ɗauki kwaryar farko. Daɓen ya yi kyau har mata na cewa ɗakin ya fi na amarya.

Ina da maƙwabciya da ke kira na Yaya. Ta rasa ɗanta namiji a shekarun gubar, sai ta kulle ƙaramar ɗiyarta a gida, ko zaure ba ta bari ta leƙa. Na same ta na yi mata tas. Na ce tsoro zai sa ta raini jahila irinta, na ce in ba ta kawo yarinyar ba zan zo in goya ta da kaina. Ta yi dariya ta ce Yaya ba a gardama da ke, washegari ta kawo ta. Yarinyar ta fara magana ke nan, bakinta kamar tsuntsuwa. Inna mai littafi take ce mini. Akwai wani littafi mai hoton jar kaza, shi take nema kullum. Ta kwanta rub da ciki a kan daɓen, ta lashi yatsa ta buɗe shafi kamar yadda ta ga ina yi. In ƙuli-ƙulinta ya faɗi ta ɗauka ta hure ta ci. Da rani ya yi, daɓen ya fara gari, ni kuma kowace safiya in share, ƙura ta tashi ta sauka kan littattafai.

Da farko yarinyar ta fara rigima da amai, muka ce haƙori ne. Sai wata rana ta sandare a bayan uwarta. Aka kai ta asibiti Anka, aka ɗebi jini, aka ce dalma ce. Ma'aikatan lafiya suka zo da na'urar da ake dangwala wa ƙasa, suka auna gidansu ɗaki-ɗaki ba su sami abin tashin hankali ba. Suka tambayi uwar ina kuma yarinyar ke wuni. Ni kawai ta kalla. Na buɗe musu ɗakin da hannuna. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora na'urar a daidai inda yarinyar take kwanciya, ya duba, ya ce Hajiya mu koma waje mu yi magana. Ya ce ruwa zinari yake fitarwa, dalmar tana nan zaune cikin rairayin. Aka auna sauran yaran, wasu aka sa su a magani. Aka fasa daɓen aka kwashe, aka binne shi tare da littattafan da ba su goguwa.

Na kira malamar bita da niyyar in wanke ta. Tana jin abin da ya faru ta fashe da kuka, ta ce littafin da take koyarwa da shi don birni aka rubuta, ba kalma ɗaya a kan ƙasa irin tamu. Na tsaya da waya a hannu, ni da ban taɓa rasa wanda zan yi wa faɗa ba. Mai na'urar ya so ya lallashe ni, ya ce ƙila yarinyar ta kwaso wani abu daga tufafin maza masu haƙa. Na ce ya riƙe ƙilansa.

Yarinyar ta rayu, amma maganar ta tafi, kuma likita bai yi mana alkawarin za ta dawo ba. Na je na durƙusa gaban uwarta na ce ta zage ni, ko ta mare ni. Ta ce Yaya, in na zage ki me zai dawo? Sannan ta tambaye ni yaushe za a sake buɗe ɗakin, don yarinyar na jan zanenta tana nuna hanya.

Abin da na koya shi ne iya karatu bai sa na san abin da ban sani ba, kuma ƙarfin bakina ya hana kowa tsayar da ni. Ku da ake ba makullin ɗakin yara a yankin nan, kada ku shimfiɗa komai, kada ku daɓe komai, sai an auna. Ku kuma masu shirya bita, kafin ku ce a zaunar da yara ƙasa, ku zo ku ga ƙasar.

Yanzu ɗakin siminti ne, ina goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Yarinyar tana zuwa. Littafin jar kazar na cikin waɗanda aka binne, amma har yau kwalin littattafai take fara bincikawa, ta juyo ta kalle ni. Sai in ɗauko wani in karanta mata, in jira, ko za ta ce Inna.